Filin Jirgin Sama Da Hanyar Zuwa Gare Shi: Jawabi Ga Ɗaliban Ƙasar Zuru



Tun cikin 1925 jiragen sama suka fara sauka a Nijeriya, sa'ad da jirage uku na mayaƙan Ingila suka taso daga Masar suka sauka a Kano. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya haɗa Kano da Khartum. Daga baya aka kafa Nigeria Airways a 1958, wanda ya daɗe yana haɗa manyan garuruwanmu har ya durƙushe a 2003. Daga nan sufurin sama ya koma hannun 'yan kasuwa, su kuwa ba sa zuwa sai inda riba take.

Mu a nan, ko bayan da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, mun jima muna dogara ga filin Sakkwato, kafin gwamnatin jiha ta gina Filin Jirgin Sama na Sir Ahmadu Bello a Ambursa, kusa da Birnin Kebbi. Daga wannan fili ne jirgin farko na alhazan Nijeriya ya tashi a 2024, abin da kowane ɗan jiha ya yi alfahari da shi.

To, amma ya kamata mu san yadda fili yake aiki. Ko jirgi ya zo ko bai zo ba, dole a biya masu kula da zirga-zirga a hasumiya, da 'yan kwana-kwana, da masu duba yanayi, a zuba wa janareta mai, a kuma gyara titin sauka. Idan hazon hunturu ya rufe sararin sama, sai a soke tashi, alhali kuwa kuɗi na ci gaba da fita. Saboda haka filin da ba ya cika sai lokacin aikin Hajji nauyi ne a wuyan talakawa.

Ina mutumin Zuru a cikin wannan lissafi? Kafin ya hau jirgi sai ya bi ta Dabai da Mahuta da Koko da Jega, tafiyar da ta fi tashin jirgin zuwa Abuja tsawo nesa ba kusa ba. Ashe amfanin fili yana rataye ne ga hanyar mota da tsaron lafiyar matafiya.

Don haka muna kira gare ku, musamman ku da za ku zauna a ofisoshin tsara kasafi, da ku riƙa tambaya kafin a kashe ko kwabo: fasinjoji nawa ne a mako, wane kaya za a ɗauka, ta wace hanya manomi zai iso? Mu nemi a kyautata hanyoyinmu, a tsara tashin jirage daidai da bikin Uhola da na kamun kifi na Argungu, domin baƙi su zo. Hausawa sun ce, ba girin-girin ba dai, a yi mai.

Allah ya yi mana jagora.