Nauyin da ke kan mai ba da aron littafi



Duk wanda ya shiga ɗakin karatu, ko a cibiyar Umaru Ganda ta Yamai, ko a Maraɗi da Tawa, mutumen da yake fara gani shi ne ma'aikacin da ke ba da aron littafi. Da yawa na ɗaukar aikinsa zaman inuwa ne, alhali shi ke shan fushin jama'a kan abin da ba shi ya yanke ba.

Ran 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, littafin da ake sayowa daga Faransa ya ninka kuɗi. A shekarun nan kuma ma'aikatan gwamnati sun yi ta bin bashin albashi na watanni. Ɗalibin da ya rasa littafi bai san ofishin minista ba, wanda ke gabansa yake yi wa faɗa. Har yau, in jarrabawar BEPC da BAC ta gabato, ɗalibai na rububin littafi guda, ga zafi, ga ɗaukewar wuta. Wani lokaci ma abin ya kai ga fargaba: ran 16 ga Janairu 2015 masu zanga-zanga sun ƙona cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar a Damagaram.

A 2019 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta bayyana cewa matsin aiki in ya daɗe ba a magance shi ba yana haifar da abu uku: ƙarewar ƙarfi, ƙosawa da aikin, da raguwar ƙwazo. Ke nan tushen ciwon yana cikin tsarin aiki, kuma cewa ma'aikaci ya yi haƙuri ba ta warkar da shi.

Maganin yana hannun shugabanni. A riƙa karɓa-karɓa a teburin aro, kada mutum ɗaya ya wuni nan. A rubuta dokar aro a liƙa a ƙofa, don gardama ta koma kan takarda. In rigima ta tashi, darekta ya fito da kansa. A biya albashi kan lokaci, a ba da hutun shekara cikakke. Ƙungiyoyin ƙwadago su sa batun cikin buƙatunsu, ƴan kasuwa kuma su taimaka da littattafai, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya sa mu dace.