Ido Biyu na Mai Yawon Buɗe Ido a Landan



Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Amma ba kowace tafiya ke buɗe ilmi ba. Da yawa daga cikinku za a tura ku kwas ko ƙaro karatu a Ingila. Roƙona shi ne kada ku komo da hotuna da kwat kaɗai. Ku dubi birnin Landan da ido biyu, ɗaya na koyo, ɗaya na tambaya.

Mu fara da Hasumiyar Landan, a bakin kogin Temis. Sarki Wiliyam, wanda ya ci Ingila da yaƙi a 1066, shi ya sa aka soma gina tsakiyarta wajen 1078. Ta yi zaman fada, ta yi zaman kurkuku, yau kuwa nan ake ajiye kambi da sandunan sarauta. Idon koyo zai ga gini mai shekara fiye da 900 a tsaye, ana kula da shi kullum. Idon tambaya kuwa zai tsaya a kan lu'ulu'un da ke bisa sandar sarki, wanda aka yanko daga dutsen da aka haƙo a Afirka ta Kudu a 1905.

Daga nan sai majalisar dokoki a Wasminista, inda ƙararrawar Big Ben take bugawa tun 1859. Kada ƙararta ta shagaltar da ku. A cikin wannan gini aka zartar da dokar ba Nijeriya mulkin kai a 1960. Ba nisa kuma akwai gidan Lankasta, kusa da fadar Bakingham, inda Sardauna da Awolowo da Azikiwe suka zauna taron tsarin mulki a 1957. Masu yawo na wuce shi ba su ko waiwaya. Ɗan Nijeriya bai kamata ya wuce ba.

Wurin da ya fi kamata ku daɗe shi ne Gidan Tarihi na Birtaniya, wanda aka kafa a 1753, shiga kuma kyauta ce. A sashen Afirka za ku tarar da kayan tagulla na masarautar Bini, waɗanda sojojin Ingila suka kwashe da suka ƙone birnin a 1897. Da Nijeriya ta nemi fuskar hauren giwa ta Sarauniya Idiya domin bikin Festak na 1977, ba a ba ta ba, sai wata aka sassaƙa a madadinta. A 2022 Jamus ta soma mayar da nata kason, amma wannan gida ya kafa hujja da wata doka ta 1963 wadda ta hana shi rabuwa da abin da ke hannunsa.

To, 'yan'uwa, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki tsakanin 1095 da 1134, shi ya fara ganuwa. Ashe ita da Hasumiyar Landan kusan sa'o'in juna ne. Amma wa ya ɗebi ƙasar ganuwa ya yi tubali? Wa ya yanka ta ya yi filaye? Ba Bature ba ne, mu ne.

Gobe ku ne za ku zauna a ofisoshin da ake sa hannu a takardun filaye da kasafin kuɗi. Ranar da aka kawo muku takardar da za ta ci wani yanki na ganuwa, ko ta bar hasumiyar Gobarau ta Katsina ba gyara, ku tuna da abin da kuka gani a bakin Temis. Neman a maido mana kayanmu haƙƙi ne, amma wanda ya kasa riƙe na hannunsa, da wane baki zai nemi na hannun wani?

Allah ya sa mu dace.