Ko Hali Zanen Dutse Ne?

Hausawa na cewa hali zanen dutse ne, amma bangaskiyar Kirista ta tsaya a kan cewa Allah na sauya shi sannu a hankali, ta wurin Ruhu Mai Tsarki. Ga misalin Bitrus, almajirin Yesu: mai saurin baki ne, har ya sha alwashin mutuwa tare da Yesu. Amma a daren da aka kama Ubangijinsa, yana jin ɗumin wuta a farfajiyar babban firist, maganar wata baiwa ta firgita shi, kafin zakara ya yi cara ya yi musun saninsa sau uku. Shi ne daga baya ya tsaya gaban majalisar Yahudawa ba fargaba. Wani zai ce ai ya sake zamewa a Antakiya har Manzo Bulus ya tsawata masa. Haka ne, domin gyaran na tsawon rai ne, kuma tsawar ɗan'uwa na cikin hanyoyinsa.

Wasu kuma za su ce tsufa ne kawai ke sanyaya mutum. Tsufa na rage ƙarfi, amma ba ya cire riƙo. Ga misalin waɗanda suka saki riƙo: a Janairun 2015, bayan zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo ta Faransa, an ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, shugabannin Kirista suka fito suka ce sun yafe. Ba na ganin tsoro ne ya sa su. Mai tsoro ɓuya yake yi, su kuwa a bainar jama'a suka faɗa, suka ci gaba da sujada, suna zaune da maƙwabtansu Musulmi, waɗanda wasunsu suka ɓoye Kirista a gidajensu lokacin tarzomar.