Gurmin Baba da Bashin da Ke Kanmu: Jawabin Magatakarda a Taron Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiya

 

Mai girma shugaba, iyayenmu maza da mata, direbobi da 'yan kamasho da suka amsa gayyatarmu, 'yan'uwa na wannan ƙetare da na wancan, barkanmu da sake ganin wannan rana. Ma'aji ya karanta lissafin kuɗi, ba za mu maimaita ba. Mu an ba mu ɗan lokaci ne mu yi magana a kan mutum ɗaya, wato dattijonmu mai gurmi. Ya roƙe mu kada sunansa ya shiga takarda, mun kuwa yarda, tunda duk wanda ya taɓa kwana a hanya tare da mu ya san wanda ake nufi idan an ce Baba.

Yaran da suka shigo ƙungiya kwanan nan suna ɗauka Baba makaɗi ne da muke gayyatowa. Ba haka ba ne. Bafatake ne ɗan bafatake, kuma katinsa yana cikin na farko-farko a littafinmu. Wake yake saye a ƙauyukan Maraɗi ya kai Dawanau. Idan albasar Galmi ta fito ya bi ta Gaya da Malanbil har Kumasi, ya dawo da goro. Kiɗa bai gada ba. Yana yaron mota ya koya a wurin wani direba, kuma shekaru ya yi yana ɓoye gurmin cikin buhu don kada mahaifinsa ya gani. Sauran karatun a rediyo ya yi shi, yana kasa kunne ga gidan rediyon Kaduna da Muryar Sahel. Ya ce hannun Haruna Uji na Haɗeja ne ya fara hana shi barci. Daga baya da ya ji marigayi Malam Maman Barka, wanda malamin makaranta ne kafin duniya ta san shi da gurmi, sai hankalinsa ya kwanta, ya gane mutum na iya riƙe sana'arsa ya kuma riƙe gurminsa.

Abin kansa ba wani abu ba ne a ido: ƙoƙo, fatar damo, sanda, da tsirkiya biyu. Tun da muka san shi zaren kamun kifi yake ɗaurawa. Amma yana da ƙyuya. Da zarar mota ta gangara kudu inda iska ke da laima sai fatar ta saki, muryar ta mutu. Shi ya sa a Kumasi za ku ga Baba tsugune gaban murhun mai shayi yana gasa gurmi kamar mai gasa masara. Mutanen zango har tsokanarsa suke yi, wai ya zo da abin da ba ya son ƙasarsu.

'Yan'uwa, kowa a nan ya san rabin fatauci jira ne. Jiran lodi, jiran takarda, jiran a ɗaga shinge. A wurin jiran nan ne muka san amfanin Baba. Dattawa suna tuna watan Afrilun 1984, lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta ta kuma canza kuɗi, ga fari ya haɗu da shi, har iyayenmu suka sa wa yunwar shekarar suna El-Buhari. Sai 1986 aka buɗe. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa, farankan Faransa ɗaya da ake bayarwa a kan sefa 50 ya koma 100 a dare ɗaya. A wannan lokacin ya yi waƙar nan tasa da ya mai da naira da sefa kishiyoyi, kowacce tana kai ƙarar 'yar'uwarta wurin ɗan canji. Waɗanda suka ji ta a lokacin sun ce mutanen da suka yi asarar rabin jarinsu ne suka fi kowa dariya.

Mu da muka taso daga baya namu idon ya ga na Agustan 2019, wanda ya kai har Disambar 2020, sannan na bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da aka rufe har cikin Maris na 2024. Gadar Gaya da Malanbil ma ta ci gaba da zama a rufe bayan haka. Motoci sun yi jerin gwano, albasa tana ruɓewa a kan idon mai ita, masu bashi suna ta bugo waya. Da dare ya yi sai zuciya ta fara raya wa yaro ya bi 'yan fito ta barauniyar hanya. Baba ba ya yi wa kowa wa'azi. Tabarma kawai yake shimfiɗawa bayan isha'i ya ɗauko gurmi, a kewaye shi. Kafin ya ajiye dare ya raba, mai niyyar tafiya ya yi barci. Akwai waɗanda ke zaune a wannan rumfa da suka san da su muke, kuma sun san abin da ya sami wasu da suka bi dajin.

Akwai kuma waƙarsa ta hanya, wadda ke jero garuruwa bi da bi, daga Maraɗi zuwa Ɗan Isa, Jibiya, Katsina, har Kano, da inda ake samun ruwa mai kyau, da inda ba a tsayawa bayan magariba. Yaran mota da yawa da ba su yi boko ba da ita suka haddace hanya. A ganinmu ita ce ta fi duk sauran, ko da yake shi ya fi son ta kishiyoyin.

Gurmin ya kai shi wuraren da wake bai kai shi ba. A Garwa ya zauna da wani Bafulatani mai molo suka kwana suna amsa wa juna, ba mai jin yaren wani sosai. A Kumasi fatomansa ya aurar da 'ya, masu kiɗan da aka ɗauko suka makara, aka miƙa wa Baba lasifika. Karon farko ke nan da ya ji kansa da ƙarfi haka, ya ce har hannunsa ya yi rawa. An yi masa liƙi mai yawa, ya sa aka tattara aka kai ɗakin amarya. Wannan ita ce ƙa'idarsa har yau: ba ya wasa kowa, ba ya karɓar ko dala. Sakamakon kuwa mu muka ci, domin shekara da shekaru duk ɗan ƙungiyar nan da ya sauka a gidan ba a tambayarsa wa ya tsaya masa. Sau ɗaya a wani shinge wani ma'aikaci ya zargi an ɓoye wani abu cikin ƙoƙon, ya zaro wuƙa zai farke fatar. Baba ya ce ranka ya daɗe, bari in nuna maka abin da ke ciki. Ya kaɗa masa. Aka bar fatar, aka kuma bar motar ta wuce.

Mun sani akwai 'yan'uwa da ba sa sauraron kiɗa saboda abin da suka fahimta a addini, sun kuma faɗa wa kwamiti a fili, ba a bayan ido ba. Muna girmama wannan. Ba mu zo yin fatawa ba, ba fagenmu ba ne, kuma ba wanda za a tilasta wa zama idan an fara. Abin da ke gabanmu ba hukuncin gurmi ba ne, lafiyar ɗan'uwa ce.

Yana ta rufe wa Baba ido ɗaya, ɗayan ma ta fara, likita kuwa ya ce aiki ne. Dokar asusun taimakonmu ta ce sai wanda kuɗin watansa ya cika zai amfana. Mun duba littafi. Baba bai taɓa tsallake wata ba sai daga rufewar 2023, lokacin da motarsa guda ta albasa ta lalace a layi, jarin bai sake tashi ba. Bai faɗa wa kowa ba, littafi ne ya tona. Ga shawarar kwamiti: a yafe masa abin da ya taru, a buɗe masa asusun kamar kowa. Wasu sun ce idan aka buɗe wannan ƙofa gobe kowa zai shigo ta nan. Maganarsu tana kan hanya, shi ya sa ba mu yanke a ofis ba, muka kawo gabanku. Idan aka amince, za a rubuta sharaɗin a fili: shekarun da mutum ya yi yana biya, da dalilin da ya sa ya tsaya, don kada a ce an yi wa wani gata.

Roƙo na biyu ba na kuɗi ba ne. Baba bai taɓa shiga situdiyo ba. Abin da ke akwai na muryarsa yana cikin tsofaffin kaset a akwatunan direbobi da kuma wayoyinku. Duk mai shi ya kawo ofis, za mu kwafa mu mayar masa da abinsa. Muna neman ta kishiyoyin musamman, domin shi kansa ya ce wasu baitocin sun kuɓuce masa. Alhaji na Konni, an ce kana da ita a kaset, to mun faɗa a gaban jama'a.

Za a ɗaga hannu kan maganar asusu bayan la'asar, masu kati kaɗai. Bayan isha'i kuma Baba zai zauna a bayan rumfa tare da yaron motar da yake koya wa, ga mai so. Allah ya ba shi lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya buɗe mana hanyoyi.