Zanen Ƙasarmu: Daga Gagarawa Zuwa Maigatari



Mu 'yan kaɗan ne cikin ɗaliban wannan jami'a da Allah ya sa wa sha'awar zane, kuma abin da ya tsayar da mu gabanku yau shi ne mu ba da labarin wata tafiya da muka yi a hutun da ya wuce, da darasin da muka ɗauko a cikinta. Tun muna sakandare, in aka ce mu zana ƙasa, sai mu zana bakin teku da bishiyar kwakwa, ko kuwa dutse mai ƙanƙara a kansa, alhali kuwa babu ɗayanmu da ya taɓa ganin ko ɗaya cikinsu sai a jikin kalanda. Da muka lura da wannan sai kunya ta kama mu. Muka ɗauki takardu da gawayi da fentin ruwa, muka nufi ƙasar Gumel, watau ƙananan hukumomin nan huɗu na arewacin Jihar Jigawa: Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar.

Ba mu ne farkon matafiyan da suka bi wannan hanya da takarda a hannu ba. A shekarar 1851 wani Bajamushe, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya yada zango a Gumel a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, ya kuma rubuta labarin cinikin kanwa da ya tarar a garin. Barth yakan yi zanen wuraren da ya ratsa, kuma daga irin waɗannan zane-zane ne wani mai zane, Bernatz, ya fitar da hotunan da ke cikin littafin tafiyarsa. To, jama'a, in baƙo ya ga ƙasashenmu sun isa a zana tun fiye da shekara 170 da suka wuce, mu 'ya'yan gida me ya hana mu?

A Gagarawa muka fara, kusa da layin dogon da ya tashi daga Kano zuwa Nguru. Da muka baza takardu sai muka rasa abin da za mu kama, domin babu dutse, babu kogi, sai fili shimfiɗe har iyakar ganin ido. A nan muka gane cewa mai zanen irin wannan ƙasa dole ne ya sauko da layin da sama ta haɗu da ƙasa can ƙasan takarda, ya bar wa sararin sama kashi biyu cikin uku, sa'an nan ya nemi abu guda tsayayye, kuka ko rumbu ko mace mai tulu, wanda zai nuna wa mai kallo faɗin wurin. Hazon hunturu ma da muke ƙorafi a kansa, ashe shi ne ke nuna nisa: bishiyar kusa baƙa ƙirin, ta tsakiya ruwan toka, ta can nesa kuwa kamar hayaƙi.

A ƙauyukan Sule Tankarkar muka koyi launi. Mun zo da zaton yashi launinsa ɗaya ne, sai ga shi da sassafe ruwan toka, da hantsi fari fat, da la'asar kuma ja-ja kamar ruwan goro. Iskar hunturu tana busar da fentin ruwa tun kafin burushi ya kai ƙarshen takarda, don haka tilas muka koyi aiki da hanzari, muka kuma bar ƙurar da ta manne a jikin fenti, tun da ita ma ta wurin ce. A nan ne wani dattijo ya leƙa zanen ɗayanmu ya ce gawon nan ƙarya ne. Abokin namu ya zana gona kore shar irin ta damina, ya kuma cika gawo da ganye, ya manta cewa gawo da damina yake kaɗe ganyensa, da rani yake tohowa. Manomi ya gyara wa ɗan jami'a zane, kuma gaskiyarsa ce.

Ranar Alhamis muka isa Maigatari, a bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, ranar da babbar kasuwar dabbobi ke ci. Raƙuma da shanu masu dogayen ƙaho, rawuna shuɗɗa da farare, buhunan riɗi da na zoɓo, duk a cikin ƙura guda. Babu dabbar da za ta tsaya maka, saboda haka layi biyar ko shida na gawayi kawai ake samu kafin raƙumi ya juya. A Gumel kuwa muka ƙare, garin da ya zama mazaunin sarautar Mangawa, wadda aka kafa wajen shekarar 1750.

Wani zai ce, ina amfanin wannan wahala ga shi kowa na da kyamara a aljihu? Amsarmu ita ce, kyamara takan ɗauka cikin ƙiftawar ido, mai zane kuwa sai ya zauna awa biyu yana kallo, kuma mai dogon kallo shi ne ke lura da abin da ya ɓace. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 sun nuna mana filaye fetal inda da can ƙirya da marke suke. Jigawa tana cikin jihohi 11 na Nijeriya da shirin dashen bishiyoyi na Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Kukar da muka zana bana, wa ya san ko jikokinmu za su tarar da ita?

Wani kuma zai kawo zancen addini. Malamai sun yi bayani mai yawa a kan surar abu mai rai, amma an ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma ga bishiyoyi da abin da ba shi da rai. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da zanen raƙumi ba, ga gawo, ga jigawa, ga sararin Allah.

Muna da abin koyi. A Ostareliya, Albert Namatjira, ɗan asalin ƙasar, ya zana busasshen dajin da aka haife shi da fentin ruwa, ya baje kolinsa na farko a Melbourne a 1938, har duniya ta san wurin. A Zariya kuma, a 1958, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar ɗalibai masu zane, suka dage cewa a haɗa dabarar makaranta da gadon gida.

Roƙonmu ga ƙungiyar ɗalibai shi ne ta ba mu bango guda a zauren taro inda za a riƙa rataye irin waɗannan ayyuka. Ku kuma 'yan'uwa, in hutu ya zo, kowa ya zana abu ɗaya na garinsu, ya rubuta sunan wurin da kwanan wata a ƙasan takardar, ya kawo mana.