Almubazzaranci Da Wutar Lantarki: Jawabi A Unguwar Rogo, Sakkwato

 

Ya ku 'yan'uwa, mun saba jin wa'azi a kan almubazzaranci da abinci da bukukuwa, amma da wuya a ambaci wutar lantarki, alhali hanin da ya zo cikin Suratul A'arafi bai keɓe wata ni'ima ya bar wata ba.

Wutar da ke iso mana Sakkwato daga nesa take tahowa. Wani kaso daga madatsun ruwan Kainji da Jebba da Shiroro, amma mafi yawanta daga tashoshin da ke ƙona iskar gas a kudancin ƙasar nan. Saboda haka duk ƙwan da aka bari a kunne da rana tsaka, wani abu ake ƙonawa dominsa, ko da mai gidan bai ga hayaƙin ba. In kuwa an ɗauke wuta, sai hayaƙin ya dawo ƙofar gidajenmu, domin kowa janareta yake tayarwa. A unguwa irin tamu, inda katanga ke jingine da katanga, hayaƙinka ɗakin maƙwabcinka yake shiga. Cikinsa akwai wata iska mai guba, ba ta da launi ba ta da wari, wadda ta sha kashe iyali sukutum cikin barci saboda an kwana da inji a zaure ko kusa da taga. Wannan ya wuce maganar tsimi, ya zama haƙƙin rai.

Mu fara da masallatanmu. Ƙwan lantarki irin na da mai wat 60, ƙwan LED mai wat 9 yana ba da haske kwatankwacin nasa. Masallaci mai ƙwai 10 zai sauko daga wat 600 zuwa 90. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowane ma'ajin kwamiti ya san abin da litar mai ke ci daga taimakon jama'a. Kuɗin nan kuwa amana ne, har da na tsohuwar da ta jefa 'yan canjinta. Abin mamaki, sai ka ga an sallame sallar Azahar, an watse, fankoki suna ta yi wa tabarmi fifita har La'asar!

Sa'an nan ga rana, wadda muke kuka da zafinta a watan Afrilu. A Jami'ar Usmanu Danfodiyo akwai Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, wadda ta shafe shekaru tana aiki a kan hasken rana. Amma a kiyaye tsari: a rage abin da ake sha tukuna, sannan a sayi farantin sola da batir, domin wanda ya sauya ƙwai ƙaramin batir ya ishe shi.

Muna kira ga kowane kwamitin masallaci da Islamiyya ya ƙirga ƙwansa da fankokinsa, ya wakilta mutum guda mai kashe su bayan kowace salla, ya fitar da janareta sarari nesa da tagogin maƙwabta, ya kuma kawo mana lissafinsa a zama mai zuwa, in sha Allahu.