Jawabi ga direbobin Komadugu: zaɓen shakazoba



Da zarar mota ta bar kwaltar Diffa ta nufi gonakin tattasai na bakin Komadugu, sai rairayi da gargada. A nan ake sanin amfanin shakazoba.

Sifirin ne ke ɗaukar nauyi. Shakazoba kuwa shi ke hana mota tsalle, don taya ta riƙe ƙasa. In ya mutu, birki ba ya kamawa da wuri, taya tana cinyewa, mota tana iya kifewa da mutane.

Direba ya danna gaban motarsa da ƙarfi, ya saki. In ta yi ta lilo, shakazoba ya mutu. Haka ma in mai yana zuba a jikinsa.

Wajen saye, ga abu 3:

1. Ya tafi da tsohon, a gwada tsawo.
2. Ya nemi mai gas, ya fi jure zafi da gargada.
3. Ya canza 2 tare, dama da hagu.

Araha ba ta ado. Kuma sabon shakazoba ba ya ba da izinin ƙara buhu. Lodi ya tsaya daidai ƙarfin mota.

Allah ya kiyaye hanya.